A Riƙe Mini Mai Kwalli

Rugar Tsamiya, Gwiwa
Watan Maris, 2023

Zuwa ga 'yata Bahijja Muhammadu Lawal,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nasa ba, da fatan kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Mu nan alhamdu lillahi. Goggonki Fatu tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko ana samun kindirmo a Amurka, ko kin koma shan madarar gwangwani. Ni ma lafiya lau, in ban da ƙafafun nan da sai na lallashe su da safe kafin su yarda su ɗauke ni. Kunne kuwa ya riga ya yi mini sallama. Shi ya sa na hana autata Rahamatu liƙa mini waya duk ranar da kika kira: ke kina can kina ta zuba, ni ina nan ina ta "na'am, na'am" kamar wawa. Na ce a ba ni biro. Firamaren Roni na yi, hannuna bai manta ba. In ta zo daga gidan mijinta a Kazaure ran Juma'a sai ta ɗauki hoton takardar ta tura miki, amsarki kuma ta bugo mini a shago da manyan baƙaƙe.

To, ga abin da ya zaunar da ni. Maganar Mai Kwalli ce, saniyarki, wadda marigayi babanki ya ba ki tana karsana ranar da kika sauke Alƙur'ani. Ni da shi kakanni kawai muka haɗa, amma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya. Shi mutumin ofis ne a Kazaure, yana da teburi ba shi da turke, don haka ya jawo ta da kansa har garkena ya ce, "Yaya, ga amanar Bahijja." Tun ranar take hannuna.

Bahijja, Mai Kwalli ta tsufa. Haƙoranta sun cinye, ta daina haihuwa tuntuni, tozonta ya kwanta. In an kora shanu kiwo ita ce ta ƙarshen fita, ita ce ta ƙarshen dawowa. Ga bazara ta kawo kai, ciyawa ta ƙare, sai kara da ƙaiƙayi, abin da mai haƙori ma yake ci da ƙyar. Kin san mu ba ma barin saniya ta faɗi da kanta ta zama mushe. Tun tana da sauran jini a jika ake sallamarta. Ko dai ki ce a kai ta kasuwar Babura, ko ki ce a sa mata wuƙa a nan gida a raba naman sadaka, ladan ya kai wa babanki. Ni na fi son na biyun, don ba na so in ga baƙo yana jan ta. Amma ba tawa ba ce, sai abin da kika ce.

Wani abu kuma. Rahamatu ta ce wai kiwon ɓeraye kike yi a can. Na ce mata ta ji tsoron Allah, azumi na ƙaratowa. Ki rubuto ki ƙaryata ta.

Baffanki,
Ɗayyabu

*

Amurka
Watan Afrilu, 2023

Ranka ya daɗe Baffa,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, Allah ya karɓi ibada. Da na ga rubutun hannunka a waya sai da na nemi wuri na zauna. Irin na Baba ne sak, har yadda kuke karkatar da shi gefe guda. Ina lafiya. A gaida Goggo, a ce mata akwai wani abu da suke sayarwa a roba suna kiransa nono, amma in ta ɗanɗana sai ta kai su ƙara wurin mai unguwa.

Baffa, Rahamatu ba ta yi ƙarya ba. Ɓeraye nake kiwo, ɗaruruwa, a cikin akwatunan roba masu tsabta, a ɗakin da ba zafi ba sanyi. Sai na sa safar hannu da takunkumi kafin in shiga wurinsu, don kada in shafa musu cuta. Yi dariyarka, ina jin ta daga nan.

Ga dalilin. Ka san kwalaben nan da mutane ke saya a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, na man kifi, na garin ganye, na bitamin, ana cewa suna ƙara ƙarfi suna ja da tsufa baya? Duniya tana ta sha, amma ba wanda ya tabbatar ko suna ƙara wa mutum ko kwana ɗaya. In a kan mutum za a gwada, mai gwajin zai riga wanda ake gwadawa tafiya. Shi kuwa ɓera shekara biyu zuwa uku ya tsufa ya gama. Shi ne muka raba su gida biyu tun suna ƙanana. Wasu ana cuɗa musu wani garin ganye a abinci, wasu abinci zalla, sai mu ga waɗanda za su fi daɗewa. Nawa yanzu sun fara tsufa. Gashinsu ya yi furfura, wasu sun rage gudu, akwai masu ƙusumbi kamar tsofaffin bakin masallaci.

Maganar Mai Kwalli kuwa, tun da na karanta ban iya komai ba. Sai na ga kaina a bayan babur ɗin Baba ranar da aka ba da hutu, mun bar duwatsun Kazaure a baya, ina riƙe da rigarsa, yana ce mini in na yi barci zai sauke ni a Roni ya wuce. Mu iso da la'asar, hayaƙin garke ya tashi, Goggo tana dama fura. Kafin in gaishe ku sai na ruga wurinta. Kai ne ka koya mini in buɗe tafin hannu sosai in zan ba ta kanwa. Harshenta kaushi, ina ihu ina dariya, ban janye hannun ba. Ni na sa mata sunan, saboda baƙin da ya zagaye idonta, har na yi rantsuwa wai da daddare take satar kwallin Goggo.

Umma ta tafi, Baba ya bi ta, gidanmu na Kazaure wasu ne a ciki. A cikin duk abin da Baba ya taɓa da hannunsa ya ce nawa ne, ita kaɗai ce take numfashi. Ka ba ni lokaci, Baffa.

'Yarka,
Bahijja

*

Rugar Tsamiya
Watan Mayu, 2023

'Yata Bahijja,

Sallama da gaisuwa. An yi salla lafiya, kowa yana nan ƙalau, sai zafi da ya sa ko kaji sun daina yawo. Goggonki ta yi ɗan zazzaɓi, ta warware.

Tabɗi! Ashe da gaske ne. Na karanta wa mutane takardarki a gindin tsamiya, wallahi har da mai riƙe ciki. Mu nan muna neman abin da zai gaje wa ɓera kwana, ya bar mana rumbu, ke kuma an kai ki har bayan teku ki tsawaita masa. Wani ya ce in kun rasa na gwaji ki turo mota, kyauta za mu ba ku, har da na rakiya. Ni dai na ce musu su yi a hankali, kanwar ɓeraye 'yata take bayarwa, kuma da digiri take bayar da ita.

Amma da na koma ɗaki sai na yi tunani. In garin nan naku yana riƙe tsohon ɓera, me zai hana ya riƙe tsohuwar saniya? Ki auno mini ko mudu guda ne, ki ba masu zuwa Kano. Yanzu dusa nake jiƙa mata har ta yi ruwa-ruwa, in daka 'ya'yan gawo in zuba, in sa 'yar kanwa. Tana sha, amma ƙashin bayanta duk ya fito, kana iya rataya hula a kai.

Abin da kika tuna duk haka aka yi. Kin dai manta ranar da ta take miki ƙafa, kika yi fushi kika ce a mayar wa Baba kayarsa, da yamma kuma aka same ki kina ba ta haƙuri.

Na lura kin ba ni labari mai daɗi, amma ba ki ba ni amsa ba. Lokacin da kike nema ba a hannuna yake ba. Kasuwa ko wuƙa? Kuma yaushe za ki zo? Rabonki da nan tun zaman makokin babanki.

Baffanki,
Ɗayyabu

*

Amurka
Watan Yuni, 2023

Ranka ya daɗe Baffa,

Ina gaisuwa, ina yi wa Goggo sannu da jiki. Ina fata ruwa ya sauka, an yi shuka. Ni lafiya lau, sai kewa. A gaya wa mutanen gindin tsamiya na ji saƙonsu, amma ɓerayenmu 'yan gata ne, naku ba za su ci jarrabawar shiga ba.

Baffa, kada ka ce na yi maka rowa, amma ba zan iya aiko da garin nan ba. Na farko, ba nawa ba ne, a kulle yake, a kan awo ake fitar da shi. Na biyu, wanda ya fi, ban san ko yana aiki ba. Kai, ban ma san waɗanne ɓeraye ne ke cin sa ba! Abincin yana zuwa mana ne a buhuna masu lamba, iri ɗaya a ido. Wata mata ce a wani ofis ta san wanne ne wanne, kuma ba za ta faɗa ba sai an gama. An yi haka ne don kada zuciya ta ja mutum, ya riƙa tarairayar waɗanda yake so su daɗe. Yana yiwuwa a ƙarshe a ga garin bai ƙara musu komai ba. An sha yin haka da wasu magungunan da aka yi ta yabo. Ko da ya yi wa ɓera aiki, cikin saniya daban ne. Dusarka da gawonka sun fi shi tabbas a wurinta.

Ka tambaye ni yaushe zan zo. A nan ne aikin ya ɗaure ni. Ƙa'idarsa ita ce ba a yanke wa dabba kwananta. Ana ba ta ci da sha, ana duba ta kullum, ana jira har ta kai iyakarta, sannan a rubuta ranar. Ranar nan ita ce duk abin da muke nema, in babu ita wahalar shekaru ta tashi a banza. Sai na ƙarshensu ya tafi zan sami kaina, ina sa rai cikin shekara mai zuwa.

Jiya na yi mafarkinta, tana tsaye a bakin rafin nan na bayan ruga, ruwa har ƙirjinta, Baba yana daga tudu yana naɗe ƙafar wando. Don girman Allah ka riƙe mini Mai Kwalli. Ka yi haƙuri da ita.

'Yarka,
Bahijja

*

Rugar Tsamiya
Watan Oktoba, 2023

Bahijja,

Sallama. Muna lafiya, damina ta yi kyau, gero ya shigo gida, ana kan dawa. Rahamatu ta ce kin yi ta tambayar shirun da na yi. Ba ciwo na yi ba. Raina ne ya ɓaci, na ce gara in bari ya huce kafin in kama biro.

Na karanta takardarki har ta yi laushi a aljihu. Kin ce ba a yanke wa dabba kwananta, a jira ta kai iyakarta, a rubuta ranar. Kika sauko ƙasa kaɗan kika ce in riƙe miki Mai Kwalli. Ni ba yaro ba ne, na ga inda maganar ta dosa. Wato ita ma a yi mata irin na ɓerayenku. Haba, Bahijja! Da furfurata za a mai da garkena ɗakin gwaji? Tun kakanninmu ba a taɓa jan mushen saniya daga wannan garke ba, sai wadda maciji ya sara a daji. Amma amana amana ce. Babanki bai ce mini "ga taka" ba. Na mai da wuƙata kube.

Da ruwa ya zauna, ɗanyar ciyawa ta fito, ta ɗan murmure har na fara cewa ko ke ce da gaskiya. Yanzu ciyawa ta bushe, ta koma baya fiye da da. Ta daina bin garke. In ta kwanta ba ta iya tashi. Kullum da safe sai na bi maƙwabta ina roƙo, mu zura taɓare biyu a ƙarƙashin cikinta, mu ɗaga da kabbara, mu tsaya riƙe da ita har ƙafafunta su tuna aikinsu. Gefen da take kwanciya ya saɓule, ina shafa mata man shanu ina korar ƙuda. Mutanen da suka yi wa ɓerayenki dariya yanzu ni suke yi wa, amma a bayan ido. Mahauci ya zo har gida sau ba adadi, na ce ya daina wahalar da babur ɗinsa. Liman ya kira ni gefe ya ce shari'a ta ba ni dama in yanka don kada dukiyar marainiya ta salwanta. Na ce masa marainiyar da bakinta, kuma ta yi magana. Goggonki kuwa ta ce ni da ke duk ba mu da tausayi, ta daina bi ta wajen turken.

Abin da ya fi ci mini rai, in na zo da dusa takan ɗago ta dube ni da idon nan nata. Ta san ni tun ina iya kayar da bijimi.

Zan riƙe ta iyakar ƙarfina, kuma zan rubuta miki ranar, tunda ita kike so. Ki sani an mai da mijin Rahamatu Babura da aiki, ita kuma ta yi nauyi, ba kullum za ta hau babur zuwa nan ba. Takarda za ta riƙa jinkiri.

Baffanki,
Ɗayyabu

*

Amurka
Ƙarshen Oktoba, 2023

Baffa,

Ina gaisuwa, amma yau ka yafe mini doguwar gaisuwa. Innalillahi! Wallahi tallahi ba haka nake nufi ba. Maganar jira da rubuta rana ta ɓeraye ce, ina gaya maka abin da ya hana ni tasowa ne. Ban taɓa haɗa ta da Mai Kwalli a raina ba. Kuma ko su ɓerayen ban gaya maka duka ba. In ɓera ya kai ga ba ya iya isa wurin ruwa, ko ya faɗi ya kasa juyawa, dole ne mu sauwaƙe masa a ranar, likitan dabbobi yana tsaye a kanmu. Ita ce ranar da muke rubutawa. Ba a yarda mu bar ko ɓera ya kwana cikin irin halin da ka faɗa ba, balle ita.

Ka tambaye ni kasuwa ko wuƙa, ka sake tambaya, na yi ta kewaye-kewaye don bakina ya kasa furtawa. Na ce ka riƙe ta ne kawai irin roƙon yara, ko Allah zai sa in same ta. Yanzu ga amsa ƙarara, Rahamatu ta buga ta da manyan baƙaƙe: BAFFA, A YANKA TA. Yau, in takardar nan ta same ka da rana. Kai da hannunka, a gida, a raba sadaka ga Baba da Umma. Ka ba Goggo haƙuri, ka ba Mai Kwalli haƙuri.

Bahijja

*

Amurka
Watan Disamba, 2023

Baffa,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Ni ba na jin daɗin komai.

Takardar da na aiko tun Oktoba har yau alamar waya tana nuna ba ta shiga ba. Lambar Rahamatu a kashe, safe da yamma. Ina ta sake turawa. Na zauna in nemi wani da zan kira ya hau babur ya zo maka, sai na ga duk ƙasar Gwiwa da Roni ba ni da lambar kowa sai tata. Wurin da na fi so a duniya, lamba ɗaya tak na riƙe. Na ji kunyar kaina.

Ɓerayen suna ta raguwa, akwatuna suna ta zama fanko. Duk wanda na ɗauka in duba, taɓaren nan biyu nake gani. In wannan ta riga waccan isowa, saƙon ɗaya ne: a yanka ta, Baffa, na yarda.

Bahijja

*

Rugar Tsamiya
Watan Janairu, 2024

'Yata Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki albishir: Rahamatu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Asma'u. Wayarta ce ta faɗa bahon wanki tun suna kwasar kaya zuwa Babura, ga nauyin ciki, ba ta sami wata ba sai bayan suna. Jiya mijinta ya kawo ta wankan jego, ta miƙo mini takardunki biyu a haɗe. Na karanta su a tsaye. Da na kai wurin manyan baƙaƙen nan sai na zauna a ƙasa.

Sun makara, 'yata.

Da sanyi ya shigo ta daina shan dusa. Ko mun ɗaga ta, muna zare taɓare sai ta sulale. Na lulluɓa mata buhuna, ina hura mata wuta. Ranar nan na fito sallar asuba na ji ta da tafin hannuna, don kunne ba ya ba ni labari, na ji numfashin yana fita da ƙyar. A cikin sujada na yanke shawara. Na ce Bahijja ta yi fushi da ni har ƙarshen raina, na ɗauka, babanta kuma in mun haɗu zan yi masa bayani. Na sallame, na shiga ɗaki na ɗauko wuƙa, na tsaya wasa ta a dutse don kada ta wahala. Washin wuƙar nan ne ya cinye lokacin. Na iso na tarar ta miƙe wuya ta huta.

Talata ce, biyar ga Disamba, gari bai gama wayewa ba. Na ce zan rubuta miki ranar, ga ta nan.

Aka ce a ɗaura mata igiya a ja ta bayan gari, ungulu da karnuka su yi aikinsu. Na ce sai dai a haɗa da ni. Na ɗauki fartanya na fara haƙa a gindin tsamiya, inda kike zama kina ba ta kanwa. Ƙasa ta yi tauri, ni kuma kin san ƙarfin da ya rage. Ina cikin yi sai na ga inuwa a kaina. Mutanen nan masu dariya ne, kowa da fartanyarsa, suka kama haƙa tare da ni. Goggonki ta kawo mana ruwa, ta tsaya tana share ido da bakin zane. Ban taɓa jin an binne saniya a ƙasar nan ba, amma taki an binne ta.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke kin kasa cewa a yanka, ni kuma na kasa gane kasawa ce. Na ɗauki roƙo na mai da shi umarni, taurin kai ya hana ni sake tambaya. Da kunnena yana nan, da muryarki kaɗai ta ishe ni in gane. Takarda ba ta rawar murya.

Akwai jikarta a garke, karsana, ita ma da baƙin nan a ido. Taki ce, duk zuriyar taki ce. Amma ba ta san ki ba, in baƙo ya miƙa hannu gudu take yi.

Saura magana ɗaya, kuma wannan karon ba zan bar miki wurin kewaye ba. Yau da safe sai da Goggonki ta kama ni ta hammata sannan na miƙe. Shekaranjiya ma haka. Tuwo sai an dama mini shi ya yi ruwa. Na ga hanyar nan da idona wata da watanni, na san inda take zuwa. Ni ba a sa mini wuƙa, kuma ba wanda za ki ce wa ya riƙe miki ni. Ɓerayenki suna da masu rubuta musu rana. Ni ba rana nake so a rubuta miki ba, so nake ki zo ki same ni a tsaye.

Baffanki,
Ɗayyabu

*

Amurka
Watan Fabrairu, 2024

Ranka ya daɗe Baffa,

Wa alaikumus salam. Barka da samun Asma'u, Allah ya raya ta. Na yi kukan Mai Kwalli har ya ishe ni. Allah ya saka maka, ya saka wa masu fartanya.

Ɓeraye kaɗan suka rage, tsofaffi tukuf, kuma akwai mai taurin rai a cikinsu da zai iya kai mu damina. Har yau ba a buɗe lambobin ba, ban san ko garin ya ƙara musu ko kwana ɗaya ba. Na shiga wurin shugabar aikinmu na ce mata wani ya rubuta sauran ranakun. Ta ce in na tafi yanzu ba ni zan ga ƙarshen abin da na yi rainonsa ba. Na ce na sani.

Zan sauka Kano ranar Alhamis ta sama, in kwana Kazaure, Juma'a da hantsi ina tafe in Allah ya yarda. Kada a wahalar da kowa zuwa tarbata, ban manta hanya ba. A ce wa Goggo ta ajiye mini kindirmo, a nemo mini 'yar kanwa saboda karsanar.

Kai kuma Baffa, ka fara lallashin ƙafafun nan tun asuba. In sun ƙi, kada ka kira kowa, ka jira ni. Ni zan kama ka.

'Yarka,
Bahijja